Malamin da Ya Kawo Tabarma Ofis

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi duk za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan nan, bayan la'asar, saƙo ya iso kwalejinmu daga asibiti cewa ka cika, Malam.

Mu malaman kwaleji ciwon baya abokin zamanmu ne: ga tsayuwa gaban allo, ga sunkuyo kan takardun jarrabawa, ga kujerun ofis da suka lotsa. Likitan Baya muke ce maka, alhali tarihi kake koyarwa. Man zafi ba ya yankewa a durowarka. Lokacin da na soma tafiya a karkace, kai ka kawo mini ɗan matashi daga gida, ka ce, "Jingina, ɗan'uwa, kafin ɗalibai su soma kiranka kaka." Kai ka kawo tabarma ofis, ka koya mana kwanciya rigingine tsakanin darasi da darasi, ƙafafu bisa kujera. Har ya zama duk wanda ya shigo ya ga mutum a miƙe, sai ya ce "sannu da baya," ya kewaye shi ya wuce.

Wayyo, sabon nan shi ya cuce mu! Ranar Litinin ka kwanta kamar kullum. Mai shigowa ya yi maka sannu ya kewaye, mai fita ma haka. Malamar lissafi har ta fita waje amsa waya don kada ta tashe ka. Sai da ɗalibanka suka gaji da jira suka biyo ka ofis, aka taɓa ka, jiki zafi zau, ba ka ko motsi. Likita ya ce ƙoda ce, ta daɗe tana ciwo, ba irin ciwon bayanmu ba ne.

Malam, tsoro nake ji. Nawa ciwon ma a gefen dama yake, daidai inda ka saba dafawa. Da na je gaisuwa gidanka, maiɗakinka ta ga yadda na dafa ƙugu zan tashi, ta ce, "Don Allah, Malam, ka je a duba ka. Haka ya riƙa yi." Na je, an ɗebi jinina, an ce in koma ranar Alhamis. Ko iyalina ban iya faɗa wa ba tukuna.

Tabarmarka tana nan bayan ƙofa. Jiya baya ya matsa mini na kwanta, sai ga malamar lissafi tsaye a kaina, tana kirana da ƙarfi, ba ta daina ba sai da na amsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da mahaifiyarka haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Mu kuma, ya Allah, duk wanda ya kwanta a tabarmar nan, in an kira shi Ka ba shi ikon amsawa.