Goggo Ladidi da fim ɗin bebaye

Ni fa ban nemi aikin nan ba. Ina tsaye a Canal Street ina tallan tabarau Mama ta kira ni, wai yau shekara biyar da rasuwar ƙanwar babanmu, Goggo Ladidi, in rubuta wani abu a jarida tunda bakina ba ya hutawa. Ni da makaranta ta gaji da ni tun ban gaji da ita ba. Allah ya jiƙan Goggo, da tana nan da ta fi kowa dariya.

Jinyar tsofaffi ce sana'arta. Wata tsohuwar Baturiya da ta kula da ita ta bar mata kwali guda na faifan fina-finan da, baƙi da fari, ba magana. Goggo ta raɗa musu fim ɗin bebaye. Labarin kusan ɗaya ne: yarinya ta shigo birni za ta yi rawa a dandali, mai gidan wasa da murɗaɗɗen gashin baki ya kulle ƙofa, ta wangale baki tana ihu, kai kuwa ba ka jin komai.

Goggo ba ta karanta Turancin da ke fitowa a allo, sai ta riƙa ara musu baki da Hausa. A ɗakinta na unguwar University Heights kowane mugu Tanko ne, kowace yarinya Talatu, kuma Talatu tana zagin Tanko har kakansa. Ranar da na yi karambani na karanta mata allon, na ce ai yarinyar haƙuri take ba shi, Goggo ta ce ƙarya nake, ta kore ni.

To ga rigimar da ake ciki. An kira ƙanwata Rakiya gwajin wasan kwaikwayo ranar Asabar, Mama ta ce ba inda za ta, wai da Goggo na raye da ta tuna mata da Tanko. Ni ban san me Goggo za ta ce ba. Na dai san Rakiya ce ke karɓar zagin ta ci gaba in numfashin Goggo ya ƙare. Gida ko mota Goggo ba ta bari ba, bakin nan ne gadon.

Yanzu dai Mama ta yarda, ni zan raka Rakiya Asabar ɗin, ga yadda aka yi. Jiya Mama ta tsare ta a kicin: "In wani ya kulle ki a ɗaki fa, yaya za ki yi?"

Rakiya ta ce, "Mama, waɗancan bebaye ne. Ni rainon Goggo ce, har Staten Island can ƙetaren ruwa sai an jiyo ni."