Daminar da Gilashin Motar Baba Ya Ƙi Sauka

Babana bai taɓa yarda mutum ya ratsa gari a mota da gilashi a rufe ba. A wurinsa wannan rashin tarbiyya ne tsagwaronsa. Tun daga ƙofar gidanmu a Konni har mu fita gari hannunsa yana waje: "Sannunku! Ina gajiya? Ya iyali?" Mahauci, mai faci, jandarman bakin hanya, kowa sai ya sami rabonsa. Ni nake tuƙa shi tun da gwiwoyinsa suka fara ciwo, kuma wallahi ƴar tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta cinye mana hantsi, don ko'ina sai ya ce in rage gudu.

Motar tsohuwa ce, doguwa, ruwan toka, ta kusa zama sa'ata. Ya saye ta ne bayan ya ajiye tuƙin manyan motoci, a zamanin da gilashin lantarki yake abin kallo a garinmu. Ka danna maɓalli, gilashi ya sauka da kansa. Gilasan kuma masu duhu ne, na waje ba ya ganin na ciki.

Wata Juma'a a farkon damina ruwa ya tare mu a hanyar dawowa daga masallaci, muka rufe. Da ruwan ya tsagaita Baba ya danna, shiru. Na danna ta wajena, shiru, duka huɗun sun mutu. Mutane sun san motar, suna ta ɗaga mata hannu, shi kuma yana ciki yana ta ɗaga nasa ba mai gani. Ya sauko a ƙofar gida ransa a ɓace, ya ce ba zai sake shigarta ba sai an gyara. Dariya na yi, na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Na fara da fis ɗin wutar gilasan, na canza shi, ba labari. Na kai ta wurin wani mai riwaya, mai gyaran wutar mota, a bayan tasha. Ya ɓamɓare marfin cikin ƙofa, ya yi ta taɓa wayoyi da ƙwan gwajinsa, ya ce datti ne a maɓallin. Ya wanke shi da fetur, ya danna ƙofar tana buɗe, sai ga gilashi ya sauka tsaf. Ya ɗaga shi, ya rufe ƙofa, na kamo hanya da murnata. A gaban Baba na danna, ko motsi. Wani makanike kuma ya rantse ƙaramin injin da ke jan gilashin ne ya ƙone. Na ce masa, duka huɗun a rana ɗaya? Ya ce ikon Allah ai ya fi haka. Aka aika Sakkwato, aka jira, aka kawo inji, ashe na wata motar ne dabam, ko ramin kusoshinsa bai hau ba.

Ba wai babu mafita ba ce fa. An ce a kwance gilashin a sauke shi cikin ƙofa a bar shi haka, Baba ya ce ruwa ya jiƙa masa kujerun da ya yi shekaru yana lallaɓawa? An ce a ciro na murzawa da hannu daga wani mushen mota a sa, ya ce motarsa ba ta ɗaukar albasa ba ce. Gwiwarsa ba ta hawa babur ɗin kabu-kabu. Motar aro kuwa, mutumin da ya tsufa a harkar mota, sai a ce karayar arziki ta sa ya sayar da tasa. Haka ya zauna a zaure, suna ya wuce shi, ɗaurin aure ya wuce shi, kullum sai dai ya ce in an gyara.

Yana da amini a Tajaye, tare suka yi tuƙi kafin shi ya koma gonarsa ta gero. Kawu muke ce masa. Duk ranar kasuwar Badagishiri sai mun tsaya gidansa, matarsa, wadda muke kira Inna, ta fito mana da fura ko tuwo, ko da ba ta san da zuwanmu ba. Ana tsakar damina aka bugo waya aka ce Inna ta rasu.

Na ɗauko makulli na ce, "Baba, tashi mu tafi."

Ya ce, "In shiga Tajaye ranar makoki, mutane jere bakin hanya, ni a rufe kamar gwamna?"

"Sai mu tsaya ka buɗe ƙofa."

"Ga kowa da kowa? Mi za su ce?"

"Baba, ta'aziyya ce fa, ba biki ba!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, bai ma kula ba. Ya ce mai riwaya ya yi masa alkawarin gobe, gobe sai mu je da mutuncinmu. Ya yi wa Kawu gaisuwa ta waya, ya tura ni a babur da shinkafa da goro. Da na isa na durƙusa gaban Kawu, ya amsa, amma idonsa yana bayana, yana duban hanya. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Kowace rana da ta wuce sai tafiyar ta ƙara yi wa Baba nauyi, don yanzu ba gilashin kaɗai yake jin kunya ba. Har aka yi arba'in bai je ba.

Sai da aka fara yankan gero asirin motar ya tonu. Ina share cikinta, ƙofar direba a wangale, gwiwar hannuna ta danne maɓalli, sai na ji gilashi yana sauka. Na rufe ƙofa, ya mutu. Na buɗe, ya tashi. Na janye robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa cikin ƙofa, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Babbar wayar da ke kai wuta ga maɓallan duka ta karye daga ciki saboda buɗewa da rufewar shekaru, fatarta kuwa lafiya lau. Na feƙe ta, na haɗa, na naɗe da salatif. Ban ji daɗi ko kaɗan ba, takaici ne ya kama ni. Har yau in na tuna ƙanƙantar wayar nan sai raina ya ɓaci.

Washegari Baba ya sa babbar riga, ya fesa turare, muka kama hanya hannunsa yana waje. Mun tarar da Kawu a ƙofar gida yana ɗaurin damin gero, ya rame sosai. Baba ya ƙarasa sauke gilashi har ƙasa, ya miƙa hannu, ya ce, "Mutumina, ya haƙuri?"

Kawu ya taso a hankali, ya taɓa hannun ya saki. Ya ce, "Da godiya, Alhaji. An zo lahiya?" Ban taɓa jin ya kira shi Alhaji ba.

Baba ya shiga bayani, fis, maɓalli, injin Sakkwato, wayar da ta karye daga ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu bai katse shi ba har ya gama, sannan ya ce, "Ita dai shekara da shekaru tana hito maka da tuwo, ba ta taɓa duba da mi ka zo ba."

Ya juya ya koma wurin geronsa. Ba a shimfiɗa tabarma ba, ba a ce mu sauko ba. Baba ya daɗe hannunsa yana waje, sannan ya ce mini, da wata murya da ban san shi da ita ba, in juya motar.