Na Ɗaya Zuwa Na Shida

"Hajiya, an sake cinye ki," in ji jikata Rabi mai karatun jami'a a harabar Kongo.

Gasar wasan dodanni ce a waya, kuma faɗuwa ɗaya ta rage a fitar da ni. Ban yarda kowa ya taya ni zaɓe ba. Dodanni shida mafiya ƙarfi na jera, yadda na saba tace ɗalibai ina shugabar makaranta.

Na ce, "Da maki na zaɓe su."

Ta ce, "Duk masu aman wuta ne, Hajiya. Dodo ɗaya mai feshin ruwa ya gama da su. Wa zai yi musu jinya?"

Na cire na ɗaya, na saka wani rarrauna mai warkarwa. Na tsallake.

Tun jiya nake tunanin yaran da na zaunar a bencin baya. Tsofaffin malamai, ku fa?