Kafet ɗin Zulai

Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙuli mai daɗi a Garo, to da wuya in ba na Halima Sa'adiya ya ci ba. Inna Sa'a muke ce mata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, don haka ba labari aka ba ni ba. Tun da mijinta Malam Zailani ya rasu take suyar gyaɗa da matsar mai, har tafin hannunta ya yi kanta. Mace ce mai kunyar tsiya, irin kunyar da ke ba ni haushi. Ko taka ta ka yi, ita za ta ba ka haƙuri.

'Ya ɗaya gare ta, Zulaiha. Tun yarinyar tana firamare Inna Sa'a take tara mata kayan ɗaki, yau kwano, gobe kula, jibi zanin gado. A wajenmu ɗakin amarya ba na kwana ba ne kawai. Abin da dangin miji suka gani ranar farko, da shi za su riƙa auna yarinya har ta yi jika. Da aka sa ranar Zulai da wani malamin makaranta ɗan Unguwar Tudu ta Gwarzo, sai uwar ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Ta sa aka kawo mata kafet daga Kano, ruwan madara, mai laushi, ƙafa tana nutsewa a ciki. Ta jingine shi bayan ƙofa a cikin ledarsa, ko ni sau ɗaya ta bari na shafa.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga Hajiya Badi'a daga birni, matar yayan Inna Sa'a, Alhaji Gali, wanda shi ne waliyyin Zulai. Ta zo da 'ya'yanta biyu ƙanana. Aka shimfiɗa mata tabarma sabuwa, ta tsaya tana kallonta.

"Sa'a, ba ki da wani abin zama? Tabarma tana jan zaren leshi."

Da ni ce, wallahi sai dai ta tsaya. Inna Sa'a kuwa ta shiga ɗaki da sauri, ta farke ledar nan, ta shimfiɗa kafet ɗin amarya.

Yaran sun zo da wani abin wasa a 'yan robobi, kamar yumɓu amma ba yumɓu ba, ja da kore, mai danƙo. Suka baje a kan kafet suna mulmula shi, suna yin mota da kaza. Uwarsu tana ta danna waya. Da ƙaramin ya gaji sai ya miƙe ya bi abin da dunduniya yana murjewa. Inna Sa'a tana gani.

"Kai, yaran nan," in ji Hajiya, tana dariya. "Ai yana fita, kada ki damu."

Ba ta faɗi yadda yake fita ba, ta shiga mota.

Daga baya muka ji cewa barinsa ake yi ya bushe ƙarau, a kankare, a bi da buroshi. Wa ya sani a lokacin? Matar da ta ƙare rayuwarta tana wanke maiƙo abu ɗaya ta sani, ruwan zafi. Ta tafasa, ta zuba omo, ta durƙusa da soso. Abin ya narke ya shige cikin gashin kafet, jan ya haɗu da koren ya koma wani launi mara suna. Ta ƙara da ruwan kanwa. Da ya sha rana ya bushe, tabon ya kai faɗin faifai, gashin wajen ya kwanta ya yi tauri, kuma a tsakiya tsaf.

Zulai ta yi kuka har idonta ya kumbura. Na ce, "Inna Sa'a, ki kira Alhaji ki gaya masa. Yaransa ne suka ɓata, ya sake wani."

"Haba, Bilki. Yaya ne fa. Shi zai ɗaura auren. In fara da ƙorafi?"

Ranar jere muka yi dabara, muka ɗora teburin tsakar ɗaki a kan tabon, muka rufa masa ƙyalle mai dogon baki. Ɗaki ya yi kyau, har na fara sakin jiki. Washegari dangin ango suka cika ɗakin suna buɗe kuloli suna ƙwanƙwasa katako. La'asar ta yi, Gwaggo Asta, yayar uban ango, ta nemi wajen salla. Ba da wata manufa ba ta ce a janye tebur. Aka janye.

Gwaggo ta sunkuya ta shafa wajen, ta shinshina yatsunta.

"Wannan ai an wanke shi. Gwanjo aka kawo mana?"

Hajiya Badi'a tana zaune a kan kujera, ta sha gwal, ita ce babbar uwa a ɓangaren amarya tunda uwar amarya ba ta zuwa. Duk aka juya ana kallonta. Kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wajen, har a yi dariya. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo. Kun san halin rashi. Da ta yi shawara da mu, da ba a yi haka ba."

Na buɗe baki, Zulai ta damƙe hannuna daga ƙarƙashin lulluɓi ta matse. Na haɗiye maganata. Na tsani Hajiyar nan, ban ɓoye wa kowa ba.

Tun daga ranar, a gidan nan na Unguwar Tudu, in Zulai ta sa sabon zani sai wata ta tambaye ta ko shi ma an wanke. Ba ta daɗe ba ta naɗe kafet ɗin ta ɗora wa ɗan acaɓa ya mayar Garo, ta ce a roƙi Inna ta yafe mata, ba za ta iya kallonsa ba.

Labari ya kai birni. Ina tsakar gidan Inna Sa'a muna ɓarar gyaɗa wayarta ta yi ƙara, muryar Hajiya tana fitowa rangaɗau.

"Sa'a, an ce an dawo da kafet ɗin nan. Tunda ya riga ya lalace, ki ba direba in ya zo, a sa wa yara a ɗakin wasansu."

Na girgiza mata kai, na harare ta, har zaninta na ja. Inna Sa'a ta kawar da fuska.

"To, Hajiya," ta ce. "Bari in kakkaɓe shi kafin ya iso."