Malam Sabi'u ya tafi, mun tsaya a batir biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tayar da mashin aka kira ni: Malam Sabi'u, malamin fizik na makarantarmu da ke wajen Babban Mutum, ya rasu.



Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa. Ya nemi a mai da shi Daura kusa da asibiti, aka ce sai an samu mai maye gurbinsa. To wa zai zo bakin iyaka koyar da fizik? Shi kuma ya ƙi tafiya ya bar 'yan aji shida da jarrabawa a gabansu.

Sai ya kama ni zai koya mini fizik in maye gurbinsa, ni da aikin gona na karanta. Ya ce, "Malam Idi, kai za ka fitar da ni daga garin nan."

Kullum in an tashi, mu koma aji. Da lissafin karant, wato wutar da ke bi ta waya, ya ƙi shiga wannan kan nawa, ya ja ni lambu ya nuna mini inda ruwan inji ya rabu biyu. "Abin da ya shigo mararraba shi zai fita, ba ya ɓata." A nan na gane. Bai taɓa yi mini tsawa ba, tsiya dai na sha ta.

Ranar Alhamis ya sa na zana da'irar lantarki mai batir biyu da resista uku, masu rage gudun karant. Yana zaune, tsayuwa ta gagare shi. Na riƙe alli, na rasa ta ina zan nuna kibiyar karant ɗin.

Ya yi dariya. "Zana ta duk inda ka ga dama. In ka kuskure, amsar za ta fito da mainos, sai ka juya ta. Sauran sai Litinin, na gaji."

Nan muka tsaya. Irin wannan tambayar kuwa ba a cika rasa ta a jarrabawa ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ba a turo kowa ba, ba kuma alamar za a turo. Yanzu ni ma ba inda zan iya zuwa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da yaran nan, ni kaɗai na rage musu.