Muryar da Yayana Ya Kashe a Gozaki

Akwai wata tsohuwar waƙar 'yan tauri da muka gada a Gozaki, tun zamanin da ake rufe ƙofar ganuwa da magariba saboda mahara. Tsohon mawaƙinmu da kaushi yake yin ta, kamar mai korar jaki. Kana ji sai jikinka ya tsuma, ka ja wuƙa a fatarka ta lanƙwashe. Bayan rasuwarsa, da kaka, wani saurayi ya zo daga Tsiga ya rera mana ita a filin wasa.

Wayyo murya! Siririya, sai hawa sama take yi. Inda tsohon ke datse baiti ya wuce, shi sai ya riƙe, ya ja, ya ja, har ka ji kamar numfashinka ne zai ƙare. Ni dai hawaye na yi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Yayana ya tofar da yawu. "Wannan ai waƙar raino ce! In ta sanyaya maka jiki, wuƙa za ta ci ka."

"Haba Yaya, kunnenka ne ya toshe. Tsohon ihu kawai yake yi. Yau aka fara rera ta."

"To ya sake, ka ja wuƙa mu gani."

Ni da zuciya! Na zare wuƙa, na fita tsakiyar fili, na ce a buga ganga. Mawaƙin ya hau wurin nan ya riƙe, na shagala, na ja a hannuna na hagu. Ta shige har ƙashi. Jini ya yi tsartuwa har kan fatar ganga.

Ina durƙushe ina ihu, "Yaya, bar shi! Ni na ja!" Ina! Ya riga ya kayar da mawaƙin, ya danne masa maƙogwaro da gwiwa, yana dukan bakinsa da ƙotar wuƙa. Da ƙyar ƙarti suka ɓamɓare shi.

Hannun nan ya shanye, ko fartanya ba ya riƙewa. Yaya ya yi ta noma mini gona har ya rasu, yana cewa shi ne da gaskiya. Ban taɓa yarda ba.

Bayan shekaru na gamu da mawaƙin a kasuwar Tsiga yana sayar da igiya. Na roƙe shi, don Allah, ya yi mini wurin nan ko sau ɗaya. Ya dubi hannuna, ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.