Halwata a gindin ɗorawa

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe abin da ya faru tsakanina da wata tsohuwa a gindin ɗorawarta, a shekarar farin nan da rumbunan ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta suka ƙare tun kafin bazara.

A lokacin ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma babu ko tiya ɗaya ta gero a gidan. Roƙo kuwa na fi ƙarfinsa, a ganina, tunda ana ɗan kirana Malam. Sai na sanar da iyali cewa zan shiga halwa, in keɓe a daji in yi karatu da tunani. Yau da na manyanta na san gaskiyar maganar: idon yaran nake gudu.

Matsalar ita ce garinmu ba shi da daji. Gona ce ke bin gona, kowace bishiya da mai ita. Na yi ta yawo da buzuna da buta da Alƙur'ani har na samu wata ɗorawa mai inuwa, 'ya'yanta sun nuna suna reto. Na shimfiɗa buzu na fara karatu. Iska na kaɗawa, kurciya na kuka, na ce lallai nan ne wurin.

Ban kai shafi biyu ba sai ga mai bishiyar da sandarta, wata tsohuwa da 'ya'yanta maza duk suka tafi cin rani. A shekarar nan garin ɗorawa abinci ne, kalwarta kuma kuɗin cefane. Ta dube ni, ta dubi sama, ta zauna.

"Malam, karatu ake yi?"

"Halwa nake, Inna."

"To madalla. Ni ma bari in taya ka."

Haka ta taya ni kwana biyu cur. In na ɗaga kai don in yi tunanin ikon Allah a sararin sama, sai ita ma ta ɗaga, ta ga wane reshe nake kallo. Haushi ya cika ni, don gani nake ta mayar da ni ɓarawo. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, duk lokacin da na yi shiru don in saurari zuciyata, ba abin da take yi sai lissafin kwano nawa na gari zai fita daga reshen da ke saman kaina.

Rana ta uku da hantsi tsohuwar ta fara gyangyaɗi. Iska ta kaɗa, sai ga wani curi na ɗorawa ya faɗo kan cinyata. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya ja shi ƙarƙashin riga ba. Na ci gaba da karatu da ƙarfi, kuma kamar da gangan, ayoyin da na iso duk maganar amana suke yi.

Ta farka. Rana ta yi tsaka, ta karkata, aka kira azahar daga ƙauye. Ni kuwa ina zaune daram, don in na miƙe asirina ya tonu.

"Malam, an kira salla fa."

"Na ji, Inna. Bari in kai aya."

Ta yi tata sallar, ta shafa addu'a, ta dawo ta zauna tana sakace. Na kai aya ta fi ashirin. Inuwa ta yi tsawo, la'asar na ƙaratowa. Nan na ga kaina sarai: mutumin da ya fito neman kusanci da Ubangiji, ga shi zai bar salla ta wuce saboda ɗorawar da ba ta kai a jiƙa wa yara biyu ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na rufe Alƙur'ani, na miƙe, ɗorawar ta zube a gabanta.

Ko kallon ɗorawar ba ta yi ba. Ta ce, "Je ka yi sallarka. Ido ɗaya nake barci da shi."

Da na idar na ce, "Inna, ki yafe ni. Kwana uku ke nan ba a ɗora tukunya a gidana ba."

"Ai na sani," in ji ta. "Ni kuma kwana uku ina neman mai hau min bishiyar nan. Ga ka ƙato, amma ta yaya zan ce wa mai riƙe da Littafin Allah ya tuɓe riga ya hau sama?"

Na tuɓe rigar, na hau. Tana ƙasa tana nuna min rassa da sanda, tana faɗa wai hawan nawa ma irin na malamai ne. Kafin magariba mun cika buhu biyu, ta ture min ɗaya. Ranar yarana suka kwana bakinsu duk rawaya.

Halwar ta yi amfani, sai dai abin da ta nuna min ba shi na je nema ba. Na koyi cewa in mutum ya yi shiru, kansa zai fara gani, kuma ba lallai ya ji daɗin ganin ba. Tun daga ranar, in ina da buƙata nakan buɗe baki in faɗa, don na ga yadda girman kai ya zaunar da mayunwata biyu kwana uku a ƙarƙashin abinci.